Ɗigon da Ya Faɗa Gonar Gwaggo Palma

A ƙauyenmu yau, in ka tsaya shan kofi a bakin dandali ka tambayi wanda ya jawo mana cutar zaitun, kafin ka rufe baki za a ce maka Palma ce, yayar Oronzo mai gidan biki. Za a ce tsufa ya ci ƙarfinta, ta bar gonarta ba noma ba sassabe har ƙwari suka samu masauki. Ƙarya ce tsagwaronta. Na gaji da jin ta daga bakin mutanen da suke shiga coci kowace Lahadi da fuskar salihai, shi ya sa na zauna rubuta abin da na gani.

Sunana Loredana. Tebur ɗaya ne tsakanina da Pantaleo, ɗan Oronzo, a ɗakin binciken da muke aiki a birni, kuma motarsa nake bi ranar Juma'a mu koma gida. Aikin namu ba mai ɗaukar ido ba ne. Ma'aikatan da ke zagaya gonaki suna tsinko ganye daga bishiya, su ɗaura mata jan ƙyalle, na'urarsu ta ɗauki lambobin inda take tsaye. Ganyen ya tafi gwaji, lambobin su zo mana. Mu ne muke juya su daga fayil ɗin da suka zo a ciki zuwa wanda taswirar ofishin noma na gwamnati take karɓa, daga nan zuwa wanda manhajar lissafi take karɓa, inda kowace bishiya take zama ɗigo ɗaya, a duba ko cutar cunkushewa take yi wuri guda ko warwatsuwa. In ɗigo ya fito ja, sai a sare wannan bishiya da duk wadda ke cikin mita hamsin kewaye da ita, mai ciwo da mai lafiya.

Tawagar da ta zagaya ƙauyenmu da tsohon tsarin awo take aiki, taswirar ofis kuwa tana kan sabo. Juya lambobin yadda ya kamata ba wani aiki ba ne, amma akwai gajerar hanyar da kowa a sana'ar nan ya gada daga wanda ya koya masa: ka debe wani adadi guda daga lambar gabas, sai lambobin su yi kama da na sabon tsari, manhaja ta haɗiye ko tari ba ta yi ba. Kama kawai suke yi. Kowane ɗigo gocewa yake yi daga wurinsa kusan tsawon filin ƙwallo. Wannan gajerar hanya Pantaleo ya bi wata Juma'a yana sauri, ya tura wa ofis fayil ɗin, muka kama hanya.

Da takardar ofis ta iso, a kan katangar dutse muka tarar da Gwaggo Palma, takardar a cinyarta. Kowa Gwaggo yake ce mata, har fadan coci. Ba ta taɓa aure ba, kuma ita ta goyi Pantaleo lokacin da iyayensa suke aikin masana'anta a Suwizalan. Gonarta siririya ce, an matse ta tsakanin katangar Oronzo da titi, kuma man da take matsewa daga ita shi ne cinta, shi ne suturarta.

"Pantaleo, zo ka karanta min wannan, kai da ka yi boko. Na karanta na sake karantawa, hauka kawai nake gani."

Ya karanta, ya ɓata fuska. "Gwaggo, an samu cutar a bishiyarki ɗaya. Za a sare ta da na kewaye da ita."

Ya ɗaga kai ya auna gonar da ido. Ni ma na auna. Da'irar za ta cinye ta kusan duka, ta bar mata 'yan ƙananan da ke can kwanar titi.

"Wace bishiya?" in ji ta. "Ba wanda ya taka gonata. Yaran nan masu rigar ruwan ɗorawa da idona na gan su, wajen babbar bishiyar ubanka ta bakin rijiya suka tsaya. Ni na kai musu ruwa da ɓaure. Ɗayan har cewa ya yi ɓaurena ya fi na uwarsa."

"Haba Gwaggo, na'ura ce fa take ɗaukar wurin daga sama. Ba ta kuskure."

"To ta sauko ƙasa ta nuna min jan ƙyallen."

Zan yi masa adalci a nan, don ba zan ƙara samun wurin yi masa ba: a ranar bai san komai ba.

A tsakiyar mako ya sani. Ya ɗauki fayil ɗin nan zai shigar da shi manhajar lissafi, ita kuwa tana da fitina guda: ba ta karɓar ɗigo sai ka fara zana mata iyakar yankin, kuma duk ɗigon da ya faɗa wajen iyakar sai ta tofar da shi ta gaya maka. Ta tofar da wasu. Ya buɗe ya duba, na leƙa ta kafaɗarsa, sai ga jerin itatuwan bakin gaɓa a cikin teku.

"Yaushe zaitun ya koyi iyo?" na ce ina dariya.

Shi bai yi dariya ba. Ya koma kan asalin fayil ɗin tawagar, ya juya lambobin yadda ya kamata tun farko. Duk ɗigogin suka ja da baya tare, na teku suka hau tudu, na kan kwalta suka koma gonaki. Jan ɗigon ƙauyenmu, wanda shi kaɗai ne ja a wannan zubi, ya tsallaka katanga ya sauka a bakin rijiyar Oronzo.

Wuyan Pantaleo ya yi ja har kunne.

"Tashi mu je wurin shugaba," na ce. "Kuskure ne, kowa yana yi. Ko reshe ɗaya ba a sare ba tukuna."

"Bari in fara gaya wa Baba, kada ya ji a bakin wani. Ranar Litinin da ƙafata zan je."

Ranar Litinin na buɗe fayil ɗin da ke kan kwamfutar da muke tarayya. An gyara shi tsaf. Kowane ɗigo yana wurinsa, ba na teku, ba na kwalta. Ja ɗaya ne kawai bai motsa ba, yana nan daram a gonar Gwaggo Palma. Na nemi asalin fayil ɗin tawagar, na tarar an ɗora wani a kansa. Manhaja ba ta gyara ɗigo dubu ta manta ɗaya. Da yatsunsa ya buga waɗannan lambobi.

Na tare shi a bakin injin kofi. Bai musa ba, ya dai rage murya.

"Loredana, ki tsaya ki ji. Kwantiragina ƙarshen shekara zai ƙare, in aka ji wannan wa zai sabunta min? Baba ya karɓi bukukuwa har na baɗi, kuma don tsofaffin itatuwan nan baƙi suke zuwa. Na Gwaggo ƙanana ne. Za a ba ta diyya ta dasa sababbi."

"Ta haura saba'in. Ta dasa ta jira wa?"

"Ba za mu bar ta ta wahala ba."

"Bishiyar da ke da cutar fa? Tana nan tsaye."

"Baba ya ce lafiyarta ƙalau. Don Allah ki bari, maganar gida ce."

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne Oronzo ya riga ya yi nasa gyaran. Da jami'in ofis ya zo tabbatar da bishiyar, Gwaggo Palma ce da kanta ta shige gaba, tana tafe tana cika baki, tana cewa in ya samu ƙyalle a gonarta ta yarda ya sare har da ita. Jami'in ya bi na'urarsa har gindin wata bishiya a tsakiyar gonar, ya ɗaga reshe, ga jan ƙyalle a ɗaure. Waɗanda suke wurin sun ce ta daɗe tana kallonsa, ta taɓa shi da yatsa, ta juya ta kalli rijiya. Rosaria, matar Oronzo, ita ta kama hannunta.

"Kin gani ko, Yaya? Mantuwa ce. Ba komai, shekaru ne, duk can za mu je."

Daga wannan rana Rosaria ta samu aikin yi. A shagon burodi ta ce Yaya ta bar gas a kunne. A bakin coci ta ce Yaya ta kira ta da sunan uwar su Oronzo da ta mutu. Ba da mugun baki take faɗa ba, da tausayi take faɗa, tana dafe ƙirji, tana roƙon mutane su yi haƙuri da baiwar Allah. Ita ta raka ta wurin likita, ita ta amsa tambayoyin da aka yi wa mai ciwon. Oronzo kuwa ya karɓi takardar ofis daga hannunta ya ce, "Bar min, Yaya, ni zan ga lauya a sake gwada bishiyar," ya sa ta a aljihun mota har wa'adin ya wuce.

Mutanen gari ba su jira an roƙe su ba. Mai injin matse mai ya ce kada ta kawo kwandunanta kusa da na jama'a. Maƙwabcin da ke tsallaken titi ya daina amsa gaisuwarta. Matar da ta fi kowa share gindin bishiya a ƙauyen nan, wadda take tsintar busasshen ganye da hannu, ita aka mayar ƙazamar da ta jawo annoba.

Na je wurin shugabanmu. Ya saurare ni yana duban agogo.

"Taswira ta ce nan, ƙyalle ya ce nan. Me kuma kike nema? Ina tsohon fayil ɗin?"

Na ce an goge. Tawagar fa? Aikinsu ya ƙare, an karɓe na'urorinsu an wanke an ba wasu.

"To ki kawo min shaida, ba rigimar ƙauyenku ba."

Ranar Asabar na samu Gwaggo Palma a kicin ɗinta. Ta rame, kuma ina zaune ta tashi ta duba murhun gas, ta dawo, ta sake tashi ta duba.

"'Yar nan, ke ba ki iya ƙarya ba tun kina ƙarama. Gaya min, taɓuwa na fara yi? Ina ganin yaran nan a idona, ina ganin kwanon ɓauren. Amma ga ƙyalle a bishiyata. In wannan ban gan shi daidai ba, me kuma na gani daidai?"

Akwai wake a faranti tana tsincewa. Na zuba ɗan kaɗan a kan mayafin tebur, na ce kowane wake bishiya ce, na sa baƙin wake ɗaya kusa da kofinta na ce ga rijiya. Sai na ja mayafin a hankali, waken duka ya matso wajena, baƙin ya bar kofin.

"Haka aka yi a kwamfuta. Da aka gane, aka mayar da mayafin."

"Wato kuskure ne."

"Da farko."

Na mayar da mayafin wurinsa, na ɗauki baƙin waken da yatsu na ajiye shi a gabana. Ta kalle shi, ta kalle ni.

"Shi ya mayar da sauran, ya bar wannan?"

"Shi ne."

"Pantaleo."

"E, Gwaggo."

Na zaci kuka za ta fashe da shi. Sai ta sauke wani dogon numfashi, ta yi alamar gicciye. "Na gode wa Allah. Ashe da hankalina." Bayan nan ne hawayen suka zo, ta bar su suna zuba tana ci gaba da tsintar wake.

Ita ta ce in zo cin abincin Lahadi a gidan Oronzo. Ta jira har Rosaria ta gama zuba wa kowa taliya da miyar tumatir, sannan ta ajiye cokali.

"Oronzo, wa ya kwance ƙyallen daga bishiyar rijiya?"

Oronzo ya ci gaba da tauna.

"Ga shi nan, abin ya motsa," in ji Rosaria. Ta juyo kaina. "Ke kuma Loredana, ba ki da aiki sai zuga tsohuwa marar lafiya? Da kin samu miji da kin samu abin yi ranar Lahadi."

Gwaggo Palma ko kallonta ba ta yi ba. "Pantaleo, kai nake so ka gaya min. Ɗago ka dube ni."

Idonsa na kan faranti. "Gwaggo, abin yana da sarƙaƙiya. Ba za ki gane ba."

"Na gane kashinka duk lokacin da cikinka ya ɓaci, wannan ne ba zan gane ba?"

Oronzo ya goge baki, ya ture faranti. Ya gaji da wasan, ina ganin, kuma a gidansa yake.

"To, a ce haka ne, Yaya. A ce ni ne. Gidan nan baki nawa yake ciyarwa? Masu girki, masu wanke-wanke, masu kiɗa. In aka sare itatuwan rijiya, wa zai taso daga Jamus ya ɗaura aure a gindin kututture? Ke fa? Ba ɗa, ba jika. In kin mutu gonar ta wace ce? Ta yaron nan ce. To nasa ya zaɓa a sare, ina ruwan wani?"

"Ban mutu ba tukuna."

"Ba wanda ya ce kin mutu. Kuma bishiyar rijiya garau take, je ki duba, gwajin nasu ne na banza."

"In garau take, me ya kai hannunka kan ƙyallen?"

Rosaria ce ta matso da kujerarta, ta sassauta murya, ta dafa mata hannu.

"Yaya, mu fa naki ne. Ga ɗaki nan a baya, ga abinci, ki huta haka nan. Amma ki sani, in kika kai maganar nan gaba, ba ni za a kama ba. Yaron da kika goya ne zai rasa aikinsa, wataƙila har a rufe shi. Ke kika sani."

Pantaleo ya tashi ya fita. Muna jin ƙarar motarsa. A teburin nan ba wanda ya ji kunya, ni kuwa raina ya ɓaci. Rosaria ta tambaya ko akwai mai ƙarin taliya.

Duk da haka Gwaggo Palma ta je ofis. Ta sa baƙar rigarta ta coci, muka hau motar safe. Jami'in ya tarbe mu da fara'ar da ta yi yawa, ya jawo mata kujera, ya riƙa yi mata magana da ƙarfi yana jan kalmomi, yadda ake yi wa kurma. A nan na gane Rosaria ta riga mu da waya.

"Mama, kin ce an canja wurin ɗigo da gangan. Wannan babbar magana ce. Wa kike zargi? Sai kin faɗi suna."

Ta buɗe baki. Ina kallon leɓenta yana motsi. Ta murza hannun jakarta, ta sake murzawa.

"Ni dai na san ba su zo gonata ba."

Ni na faɗi sunan. Ya rubuta wani abu, ya tambaye ni shaida, na ce idona. Ya ce ya ji, ya ce in kula da Mama a hanya, rana ta yi zafi. A mota na kasa daurewa, na ce mata don me muka zo ke nan. Ta juya fuskarta wajen taga.

"Bakina ne ya ƙi, 'yar nan. Na kira sunan nan ya zo ya ci abinci, na kira shi ya sauko daga bishiya. Ban taɓa kiransa don a kama shi ba."

Wata rana da sassafe masu zarto suka zo. Ta zauna a kan katanga daga farko har ƙarshe, tana kallo, sai da aka zo kan bishiyar da ubansu ya dasa sannan ta rufe fuska da ɗankwali. Oronzo ya kawo wa ma'aikatan kofi da burodi. Da aka gama, ya ce tun da Yaya ba ta da abin ɗauka, bari ya taimaka ya kwashe mata itacen, ya kuwa kwashe shi zuwa bayan tandun gidan biki. Rosaria tana bakin titi tana gaya wa masu kallo yadda abin yake ci musu rai.

Kafin hunturu ya fita sun ɗauke ta daga gidanta, don bai kamata a bar mai irin wannan ciwo ita kaɗai ba. Diyyar Oronzo ne yake riƙe mata. Gonar kuwa, tun da ba a dasa komai ba, aka zuba mata tsakuwa, yanzu nan baƙin biki suke ajiye motoci. An sabunta wa Pantaleo kwantiragi. Ni aka mayar da ni wani ɗaki, kuma motar haya nake hawa ranar Juma'a.

Da zafi ya shigo, reshen farko na bishiyar rijiya ya bushe kamar an babbaka shi. Sai na kusa da ita, sai na gaba. Sabbin lambobin ta hannuna suka bi, na juya su yadda ya kamata, na shigar da su manhajar. Jajayen ɗigogi suka fito cunkus, sun yi wa rijiyar zobe. Ko ɗalibin da ya fara jiya ya san daga inda irin wannan yake tasowa. Na kai wa shugaba, ya ce abin sha'awa ne, ya kamata a rubuta wani abu a kai.

A ƙauye kuwa bayani ya riga ya samu: daga gonar Palma cutar ta tsallako. Oronzo da bakinsa yake faɗa a dandali, yana girgiza kai, yana cewa ba ya riƙe ta a zuciya, 'yar'uwa ce, kuma ba da saninta ba ne. Mutane suna yaba masa haƙuri.

Wannan shi ne abin da ya tsaya min a wuya. Kuskure kowa yana yi, ni ma na bi gajerar hanyar nan ba sau ɗaya ba, kuma gyaransa bai kai shan kofi ɗaya ba. Amma a gidan nan mutum uku suka zauna suka duba wa ya fi sauƙin dannewa, suka ga wadda ba ta da miji, ba ta da ɗa, wadda kuma ba za ta iya ɗaga hannu a kan yaron da ta goya ba. Suka ci gonarta. Da suka ga tana da ido da baki, suka bi gari suna ƙwace mata su tun tana raye. Ku kuma da kuka sha man zaitunta shekara da shekaru, kuka san yadda take share gindin bishiya, ba wanda a cikinku ya ce a tsaya a tambaye ta. Kun ji tsohuwa ce, kuka huta.

Makon jiya na je ganinta. Tana ɗakin baya kusa da kicin, an ajiye mata katako da ƙullu tana murza taliyar hannu ta baƙi. Hannun bai manta ba, yana tafiya shi kaɗai. Ta gane ni, ta sa na zauna, ta tambayi uwata. Sai ta leƙa ƙofa, ta matso.

"Kullum ce min suke na manta. Da safe, da rana. In na ce na ajiye allura a nan, sai a ce a can na ajiye. Yanzu ni ma ban sani ba. Jiya na zauna ina neman fuskar yaron nan da ya yabi ɓaurena, na rasa ta." Ta kama hannuna da hannunta mai gari. "Ba su zo gonata ba, ko?"

"Ba su zo ba, Gwaggo. Wajen rijiya suka tsaya."

"To ki riƙe min wannan. Ni ya fara kuɓuce min."

Na ce na riƙe. Rosaria ta leƙo ta ce baƙi sun iso, amarya tana son hoto da kakar gida. Ta karkaɗe mata gari daga riga, ta gyara mata ɗankwali, ta ce ta yi murmushi, ta kama hannunta suka fita.